Kusunoki Tamae da Ƙarar da Ba Ta Ji Ba

Ƙarfe bakwai na safe Kusunoki Tamae take ɗaga ƙofar masana'antar da ubanta ya bar mata a Higashi-Osaka, kuma duk layin yakan san ta tashi, domin ƙofar nan ta yi shekara ashirin tana neman mai, ita kuwa ta ce ƙarar daɗi take mata. Inji uku ne suka rage cikin takwas. Da su take yanka noti da sukuru, irin ƙananan nan da ake ɗaure sirdin keke da su, har ƙarfe huɗu na yamma. Daga nan ta wanke hannu da sabulun da ba ya fitar da komai, ta sha shayin sha'ir mai sanyi a tsaye, ta hau bene. A ɗakin sama ɗaya aikin yake, wanda bai taɓa ciyar da ita ba, ita ma ba ta taɓa roƙonsa ya ciyar da ita ba. Tsofaffin na'urorin kiɗa ne a jere, wayoyi sun harɗe a ƙasa kamar taliya, ga lasifika biyu da ta haɗa da hannunta. Kiɗan tekno take yi, irin na rawa da ake haɗawa da na'ura, kuma ita ke fitar da faya-fayan wasu masu yin sa. Bana shekara talatin da ɗaya ke nan.

Wasu bayin Allah sun zo mini da shawarar in rubuta mata bankwana, wai lokacin ajiye aikinta ya yi. Na ce su je su faɗa mata da bakinsu, ni zan tsaya daga bakin ƙofa in riƙe musu takalma. Har yau babu wanda ya je. Don haka wannan ba bankwana ba ne, jinjina ce, kuma mai ita tana nan a raye tana harara.

Wanda bai san ta ba zai ɗauka kamfaninta wani abu ne mai ofis. Ko suna ba shi da shi. Faifai ɗari uku take bugawa kowane zubi, farar takarda a tsakiya, babu hoto, babu sunan mai kiɗa sai a 'yar takardar da ke cikin jaka. Alamarta guda ce: takan ɗauki noti ɗaya daga cikin na ranar, ta tsoma shi a jar tawada, ta danna a kan kowane faifai da hannunta. Hirabayashi, tsohon da ke da shagon faifai a ƙarƙashin wani bene a Namba, shi ya gaji da tambayar masu saye, ya zana noti a jikin kanta. Tun daga nan ake cewa faifan Noti.

Da ta fara, maza masu juya faifai a gidajen rawa sun ce kiɗanta ƙarar masana'anta ce kawai. Ta ce ai kuwa sun gane, saura su iya rawarsa. Akwai shekarun da wuraren rawa suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kama gabansa, wasu suka koma yi wa tallan shamfu kiɗa. Tamae ta ture injinan ubanta gefe, ta riƙa tara mutane ranar Lahadi da rana tsaka, ƙofa a buɗe, tsofaffin layin suna leƙe da jikokinsu a kafaɗa. Mai sayar da wainar takoyaki na kan kwana ya shaida cewa bai taɓa ciniki irin na shekarun nan ba, duk da har gobe yana rantsuwa kiɗan ciwon kai yake sa masa. Ke ce kainuwa dashen Allah, Tamae. Babu wanda ya dasa ki, babu kuma wanda ya iya tuge ki.

Amma abin da ya ɗaga sunanta ba taurin kai ba ne, kunne ne. Kafin a buga ɗari ukun nan, masana'antar faifai takan aiko da guda biyar na gwaji. Dokar Tamae ita ce ta rufe ƙofar ɗakin sama, ita kaɗai, ta saurara sau uku. Idan ta ji abin da bai yi mata ba, ko da ƙwarzane ɗaya ne da ba ya wuce ƙiftawar ido, sai ya koma. An taɓa mayar da wani sau shida, har mutumin masana'antar ya tako da ƙafarsa ya tambaye ta ko wani laifi ya yi wa iyayenta. Saboda haka ne masu shaguna daga Berlin har Detroit suke karɓar faifan Noti ido rufe. In an ga jan tambarin nan, an san kunnen Tamae ya bi ta kai, magana ta ƙare. Matasa suna kiranta Anego, wato babbar yaya, kuma in ta shigo wuri sukan miƙe.

Faifai tamanin da bakwai ta fitar a haka. Na tamanin da takwas na Odagiri Sohei ne, direban bas mai shekara arba'in da huɗu, mutum mai sanyin murya da yawan sunkuyawa. Shekara goma sha ɗaya yana aiko mata da kiɗansa, tana mayar masa da 'yar takarda mai layi ɗaya. Wata ta ce gangar ba ta da ƙashi. Wata ta ce ya daina kwaikwayonta, ita ma ta ishi kanta. Duk ya adana su a gwangwanin biskit. Ranar da ta kira shi ta ce wannan karon ya yi, sai da ya ajiye bas a gefen titi ya nemi gafarar fasinjoji na minti biyu.

Ita ta gyara sautin ƙarshe a ɗakin sama, kamar kullum. Na gwaji suka zo, ta rufe ƙofa, ta saurara sau uku, ta sa hannu. Ta aika wa Odagiri guda ɗaya, ta danna noti a kan ɗari uku, aka rarraba.

Bayan mako uku, wata Asabar da la'asar, ta leƙa shagon Hirabayashi. Wata matashiya mai juya faifai, Ukai Misora, tana ganinta ta ajiye abin da ke hannunta ta rusuna.

"Anego, wannan siririn fiton da kika sa a bayan faifan Odagiri-san, tun daga farko har ƙarshe. Kamar allura a cikin kai. Kowa maganarsa yake yi. Babu mai ƙarfin halin yin haka sai ke."

Tamae ta gyaɗa kai, ta ce madalla. Ta tsaya tana jujjuya wasu faya-fayai har Ukai ta fita, sannan ta juyo wurin Hirabayashi.

"Hira, wane fito?"

Tsohon ya yi dariya, ya kira ta da sunan wasa. "Tama-chan, ni za ki yi wa wannan? Na girme ki da shekara takwas."

"Ka girme ni da tumbi dai. Sa mini faifan."

Ya sa. Kyanwar shagon, wadda ko girgizar ƙasa ba ta tayar da ita daga kan kanta, ta miƙe ta fice. Hirabayashi ya runtse ido ɗaya. Tamae ta matsa kusa da lasifika har kumatunta ya taɓa ragar. Tana jin ganga, tana jin ta har cikin ƙirji. Tana jin amon ƙarfen da Odagiri ya ɗauko daga ƙarar ƙofar bas. Bayan wannan babu komai.

"Yana nan yanzu?" ta tambaya.

Hirabayashi ya daina dariya. "Yana nan. Kamar kukan sauro a cikin gidan sauro."

Ta koma gida ta bi wayoyinta ɗaya bayan ɗaya da na'urar awo, ta sami wadda ta lalace. Ita ke zuba siririyar ƙarar nan a cikin duk abin da ya bi ta kanta. Ranar Litinin likita ya sa mata abin saurare a kai, ya ce ta danna maɓalli duk lokacin da ta ji sauti. Ta yi ta zama da maɓalli a hannu tana jiran ya fara, ashe ya daɗe da farawa. Ya ce mata saman jinta ya tafi, duk wani siririn sauti ya wuce ta, kuma ba zai dawo ba. Shekara arba'in tsakanin injina da lasifika ba wasa ba ne. Ta ji tsoro, kuma ba ta ɓoye mini ba daga baya. Ta ce a jirgin ƙasa na dawowa ta riƙa kallon bakin mutane tana tunanin me kuma take rasawa.

Hirabayashi ya ja ta shagon taliyar udon, ya jira ta fara ci, sannan ya kawo tasa hikimar.

"Ki saurare ni da abin da ya rage miki. Ni da ke da kyanwa kaɗai muka sani, kyanwa kuwa ba ta da baki. Gari ya ɗauka da gangan kika yi. Har wani ya rubuta cewa sabon salo ne. Ki yi shiru, ki fitar da ɗaya ko biyu, ki ce kin gaji, a yi miki liyafa. Ki sauka da sunanki a wanke."

"Shi kuma direban?"

"Faifansa ya ƙare a shaguna cikin kwana goma. Me yake nema kuma, lambar girma?"

Shawarar ba ta mugunta ba ce, kada a zalunci tsohon. Rufin asiri ya kawo mata a faranti, kuma da yawa cikinmu da hannu biyu za mu karɓa. Suna shi ne kaɗai abin da matar nan ta tara a duniya. Ba ta da gida sai saman masana'anta, ba ta da mota sai keke mai kwando. In ta buɗe baki ta ce kunnen ya gaza, jan tambarin ya zama noti da tawada kawai. Ta shanye romon, ta ce tana da wanda za ta fara gani.

Ta sami Odagiri a tashar bas lokacin hutun rana, yana cin shinkafarsa a cikin ɗan akwati. Ya zabura zai miƙe, ta ce ya zauna kafin ya shaƙe.

"Fiton nan na bayan faifai, naka ne?"

Ya kalli shinkafa. "A'a, Anego."

"Ka ji shi a na gwajin da na aiko maka?"

"Na ji."

"Ya yi maka daɗi?"

Ya rufe akwatin shinkafar. "Na saurara sau ɗaya, na mayar da shi jaka. Ban sake sa shi ba. Wannan ɓangaren na yi shi ne a kan safiyar da nake fita da bas ta farko, gari shiru. Fiton ya kashe shirun."

"To me ya hana ka magana?"

"Na ce tunda ke kika sa hannu, akwai abin da kika hango. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi..."

"Rufe mini baki da rimi. Kai ne yaron, da furfura a gefen kunne?" Muryarta ta yi ƙasa, wanda ya san ta kuwa ya san nan ne haɗarin. "Shekara goma sha ɗaya ina ce maka a'a. Kai sau ɗaya tak aka buƙaci ka ce mini, ka kasa. Ban sa fito ba, Odagiri. Waya ce ta lalace, ni kuma ban ji ba, don kunnena ya mutu daga sama. Na ɓata maka faifanka na fari, garin nan kuma yana tafa mini."

Ta miƙe, ta sunkuya masa har ƙasa a gaban sauran direbobi, ta daɗe a haka. Shi kuwa ya rasa inda zai sa kansa, ya riƙa sunkuyawa yana roƙonta ta ɗago, tsinken cin abinci na hannunsa.

Abin da ya fi ƙona mata rai, in ji ta, ba kunnen ba ne. Ta gano cewa ta yi shekaru tana gina ɗakin da babu mai iya ce mata ta yi kuskure. Mutum nawa suka ji ƙarar nan ta soke musu kai, suka haɗiye, suka ce gwaninta ce? Ni ma ina cikinsu, in faɗi gaskiya. Na ji fiton, na ce lallai fahimtata ce ba ta kai ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta sayi akwatunan alewar ban haƙuri goma sha huɗu, ta ɗaura a kwandon keke, ta bi shagunan Osaka ɗaya ɗaya, sannan ta hau jirgi zuwa Kyoto da Kobe. A kowane shago magana ɗaya take yi, da ƙarfi, ko da masu saye a tsaye: faifai na tamanin da takwas yana da aibi, aibin nata ne ba na mai kiɗan ba, kunnenta ba ya jin siririn sauti, duk wanda ya saya ya dawo da shi za a canza masa. Na ƙasashen waje ta rubuta musu haka nan, babu kwana-kwana. Wani mai shago ya ce mata ai masu saye suna son fiton, a bar shi mana. Ta ce in suna son kukan sauro su buɗe taga, kyauta ne.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Waɗanda suka yi shekaru suna rusuna mata suka fara cewa da ma sun lura. Wanda ya rubuta yabon sabon salo ya goge rubutunsa, ya koma cewa a binciki faya-fayan baya. Masu kiɗa biyu da ke jiran layi suka janye nasu cikin ladabi mai yawa, irin ladabin da ya fi mari zafi. Wani shago a Turai ya rage abin da yake karɓa zuwa rabi. Hirabayashi ya ce mata, "To, kin huta? Yanzu sai ki rufe." Ta ce masa shi ya fara rufe nasa, tunda shi da kunne biyu lafiyayyu ya sayar da aibin kwafi arba'in yana murmushi.

Ba ta rufe ba. Ta canza wayar, ta sake gyara sautin Odagiri daga tushe, ta aika. Da sababbin na gwaji suka zo, ba ta hau bene da su ba. Ta sauko da lasifikan nan biyu tsakiyar masana'anta, ta ture injina, ta sa aka sanar cewa ranar Lahadi ƙarfe biyu duk mai kunne ya zo da shi. Mutum kamar ashirin suka zo, har da Ukai da Hirabayashi. Odagiri ya zauna can baya a kan buhun noti.

Aka saurara har ƙarshe. Tamae ta tsaya da tafin hannunta a kan lasifika, ta juyo ta dube su.

"To?"

Aka yi ta gyaɗa kai. Ukai ta ce fiton ya tafi. Wani ya ce ya yi kyau ƙwarai. Wani ya ce ba a taɓa yin kamarsa ba, wanda kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Tamae ba ta motsa ba. Ta sake sa allura daga farko, aka sake ji, ta sake tambaya, aka sake yabo. Ta sa na uku. Mutane suka fara kallon ƙasa.

Daga can baya buhu ya yi motsi. Odagiri ya miƙe, hannayensa manne da cinyoyinsa kamar mai jiran hukunci.

"Anego, ki gafarce ni. Bai yi ba."

"Ɗaga murya. Ka manta da wa kake magana?"

"Bai yi ba," ya ce da ƙarfi. "Fiton ya tafi, amma kin ƙara wa amon ƙananan ƙarafan cikin kiɗan kaifi da yawa, saboda ba kya jin su. Suna yanka kunne. Ba haka na yi shi ba. A mayar."

Tamae ta ɗage allura, ta mayar da faifan jakarsa, ta miƙa masa alƙalami.

"Rubuta musu da hannunka. Gobe in ka tashi aiki ka hau sama, ka zauna kusa da ni. Ni zan riƙe ƙasan sauti, kai ka riƙe samansa. Sauranku kuwa, masu kunnen ado, ku ci alewar da ta rage ku tafi."

Sau biyu aka ƙara mayar da shi kafin ya fito. Na saurare shi, kuma shirun safiyar nan yana ciki, har mutum ya ji sanyin kujerar direba. Tun daga ranar ba a sake rufe ƙofa a kan faifan gwaji ba. Na tamanin da tara da na casa'in duk a tsakiyar masana'anta aka yanke musu hukunci, kuma yanzu gardama ake yi sosai, har Ukai ta taɓa ce mata gangarta ta tsufa, suka yi mako ba sa gaisawa.

Ba zan yi muku ƙarya in ce komai ya dawo ba. Sunan da ta ajiye a kan tebur ba ta ɗauke shi yadda yake ba. Hirabayashi ya kawo mata labari da fuskar ta'aziyya, cewa masu saye sun daina ɗaukar faifan Noti ido rufe, yanzu sai sun sa a kunne sun saurara tukuna.

"Madalla," ta ce, tana goge mai a hannunta. "Shekara talatin ina jiran su yi amfani da kunnuwansu."

Ke ce wadda aka miƙa wa ƙarya mai kyau, wadda babu mai kama ta, kika ture. Ke ce kika zaɓi a ce kin gaza a kan a yaba miki abin da ba ki yi ba, don wani direban bas ya sami kiɗansa yadda ya haife shi. Mun gode, Tamae. Mun gode da Lahadin da kika buɗe mana lokacin da ko'ina ya rufe, da takardun nan masu layi ɗaya da suka hana mu barci suka kuma gyara mu, da zagin da muka ci muka ƙoshi.

Ku kuma da kuka yi suna a kan wani abu, malami ne kai ko maƙeri ko mai dafa abinci, ranarku tana tafe, domin babu gaɓar da ba ta gajiya. In ta zo, ga hanya an nuna muku. Ku faɗa da bakinku kafin a faɗa muku, ku jawo wanda ke tsoronku ku zaunar da shi kusa, ku koya masa ya ce muku a'a. Masu jiran liyafar bankwana kuma su ci gaba da jira, su nemi kujera. Na gwajin faifai na casa'in da ɗaya sun iso ranar Alhamis, kuma ta ce in gaya muku Lahadi ƙarfe biyu ne, wanda ya san yabo kawai ya iya ya zauna a gida.